Koɗewar murjani a cikin kwalba: rajistar aikin ɗakin gwaji a Garwa

10 ga Nuwamba, 2025

Tambaya ɗaya wannan aiki ya tsaya a kanta. Idan murjani ya koɗe ya koma fari, mene ne ya tafi? Gansakukar da ke zaune cikin namansa ce ta fice, ko kuwa tana nan daram, launinta ne ya ragu? Ido ba ya raba biyun. Sai an ƙirga ƙwayoyin, an auna launin, sannan a san abin da ya samu kowace ƙwaya.

Murjanin da ke gina tsaunukan ƙarƙashin teku dabba ce. Namansa siriri ne garai-garai, shimfiɗe a kan farin ƙashi na kalsiyam kabonet, sinadarin ɓawon ƙwai. Launin ƙasa-ƙasan da ake gani a jikinsa na aro ne, na wata gansakuka mai ƙwaya ɗaya daga dangin Symbiodiniaceae, wadda ke zaune cikin ƙwayoyin da suka lulluɓe tumbin dabbar. Faɗin kowacce kusan maikuron 10 ne, sai an jera ɗari kafin su cika milimita ɗaya, kuma a lafiyayyen murjani akan samu miliyan ɗaya ko fiye a murabba'in santimita guda. Zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka suke yi. Gansakuka tana haɗa abinci da hasken rana ta miƙa wa mai masaukinta kaso mafi tsoka, shi kuma ya ba ta mafaka da takin da take bukata daga abin da jikinsa ke fitarwa.

Jan murjanin da iyayenmu mata ke ɗaurawa a wuya da hannu ba ya cikin wannan magana. Wancan Corallium rubrum ne na tekun Bahar Rum, ba ya ɗauke da gansakuka ko kaɗan, jansa a cikin ƙashinsa yake.

Ba mu da teku a Garwa, kuma ko gaɓar Kamaru ta Kribi da Limbe ba ta da manyan tsaunukan murjani, saboda ruwan koguna da laka sun yi yawa. Don haka za mu yi aikin da ɗan'uwan murjani, wato furen teku mai suna Exaiptasia diaphana, wanda aka fi sani da Aiptasia. Irin gansakukar nan yake ɗauke da ita, zafi na koɗar da shi kamar yadda yake koɗar da murjani, ba shi da ƙashi, yana rayuwa a kwalbar lita ɗaya. Masu kiwon kifin ado na ruwan gishiri ciyawa suka ɗauke shi, neman kai suke da shi. Ɗakunan bincike a ƙasashe da dama da shi suke nazarin koɗewa.

18 ga Nuwamba

Haɗa ruwa. Gishirin miya ba ya yi, domin ba shi da maganiziyam da kalsiyam da fotasiyam da salfet gwargwadon na teku. Kanwa kuma kada ma a kusanto da ita, tana ɗaga pH ya wuce kima. Gishirin teku na haɗi muka samo, irin na masu kifin ado. Ana so gishirin ya tsaya a giram 35 cikin kowane kilo na ruwa, nauyin ruwan a ma'auni ya nuna 1.025 zuwa 1.026, pH wajen 8.1. Gishirin buhu yana shan laima, saboda haka sikeli kaɗai ba ya isa, dole a tabbatar da ma'aunin gishiri bayan ya narke.

Ruwan famfo yana da kulorin, na rijiyar burtsatse kuma yakan zo da naitiret, wanda zai yi wa gansakukar taki ya ƙara mata duhu, ya ɓata gwajin tun ba a fara ba. Tataccen ruwa muke amfani da shi, irin wanda ake ƙara wa batirin mota. A nan akwai haɗari: gorar tataccen ruwa da gorar asid ɗin batir kamarsu ɗaya a shago. Kowace gora sai an tsoma mata takardar pH kafin ta shiga ɗaki. A zuba gishiri cikin ruwa, kada a zuba ruwa kan gishiri, in ba haka ba kalsiyam ya daskare ya yi farin gari a ƙasa. A bar shi ya kwana da famfon iska a ciki. Tagulla da jan ƙarfe kada su taɓa ruwan, guba ne ga waɗannan halittu.

27 ga Nuwamba

Furannin sun iso daga Duwala, ta Yawunde, jirgin ƙasa zuwa Ngaundere, sannan mota. A cikin leda biyu-biyu aka ɗauro su, ruwa kashi ɗaya iska kashi biyu, cikin kula. Duk sun tsuke sun zama kamar ƙwayar dawa. Mun bar ledojin suna yawo a kan ruwanmu minti 30 don zafin ya daidaita, sannan muka riƙa ƙara musu ruwanmu cokali-cokali har awa guda. Kafin magariba yawancinsu sun manne da gilashi sun buɗe hannuwa.

Abinci: 'ya'yan Artemia, ƙananan jatan lande na ruwan gishiri, irin waɗanda masu ƙyanƙyasar tarwaɗa ke ba ƙananan kifi. Rabin ƙaramin cokali na ƙwan a lita ɗaya ta ruwan gishiri, da iska mai ƙarfi, suna ƙyanƙyashewa cikin kwana ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Sau biyu a mako, a canja ruwa bayan awa huɗu da ciyarwa. Sai sun yi wata guda cur a digiri 26 kafin mu taɓa su.

6 ga Disamba

Kafin mu kashe fure ko ɗaya, hannu ya saba da raba launi. Mun gwada da abu biyu da ke kusa da mu: ɗanyen ganyen zogale, da dihe, busasshiyar gansakukar nan da matan Kanembu ke kwasa a tafkunan kanwa na Kanem a Chadi, su shanya a kan rairayi, a yi miya da ita.

Ana niƙa abin da asiton, a ɗiga a kan faifan silika santimita ɗaya daga ƙasa, ɗigo goma a wuri guda, kowanne ya bushe kafin na gaba. A tsayar da faifan cikin kwalba mai murfi da haɗin heksen kashi 7 da asiton kashi 3, ruwan kada ya kai ɗigon. Cikin minti goma launuka sun hau sun rabu.

Zogale ya ba da abin da littafi ya ce: beta-karotin a can sama, kulorofil a mai kore-shuɗi, kulorofil b mai kore-rawaya, sai rawayoyi a ƙasa. Dihe ba ta da layin kulorofil b, kuma ta fito da wani layi mai kauri launin toka a saman kulorofil a. Wannan fiyofaitin ne, kulorofil ɗin da maganiziyam ya fice daga tsakiyarsa, sakamakon rana da shanya. Yana da kyau kowa ya ga wannan layi tun yanzu ya gane shi, domin shi ne shaidar kulorofil ya lalace. Shuɗin dihe, wato fikosayanin, asiton ba ya ɗaukarsa. Sai da muka jiƙa gutsure a ruwa ya kwana a firji sannan ya fito kamar an ɗiga baba.

Maganin goge farce da ake sayarwa a kasuwa ba zai maye gurbin asiton ba. Akwai mai da turare da ruwa a cikinsa, layukan sai su jagwalgwale.

15 ga Disamba

Hunturu ya kawo matsala biyu. Iska ta bushe ƙwarai, ruwan kwalaben da ba a rufe sosai ba yana tashi, gishiri ya haura giram 38 a kilo cikin kwana uku. Ruwa ne ke tashi, gishiri yana nan, saboda haka da tataccen ruwa ake cikawa, ba da ruwan gishiri ba. Mun ja layi da alƙalami a jikin kowace kwalba, kullum da safe a cika zuwa layin. Murfin gilashi ya shiga kan kowacce, ya tare ƙura ma.

Ta biyu sanyin asuba ne. Wuta ta ɗauke da dare, hita ta mutu, ma'aunin zafi ya nuna ruwan ya sauka ƙasa da digiri 20. Sanyi ma yana koɗar da su. Masu bincike har da gangan suke jefa Aiptasia cikin ruwa mai digiri 4 na 'yan awoyi idan suna son raba shi da gansakukarsa. Gyara: kwalabe sun koma cikin manyan kuloli biyu masu ruwan daɗi lita 30 kowacce, hita mai wat 50 da ɗan famfon juya ruwa a ciki, duka a kan batirin sola. Ruwa mai yawa ba ya saurin hucewa, ba ya saurin ɗaukar zafi.

5 ga Janairu, 2026

Awon farko, kafin a taɓa zafi. Yadda aka tsara: rukuni huɗu, kowanne kwalba uku, kowace kwalba fure tara masu kusan girma ɗaya. Rukunin A digiri 26 da haske kaɗan. B digiri 26 da haske mai ƙarfi. C digiri 33 da haske kaɗan. D digiri 33 da haske mai ƙarfi. Fitila iri ɗaya ce a kan kowa, farar LED, awa 12 a kunne awa 12 a kashe. A yanzu duka an yafa musu gidan sauro ninki huɗu, masu haske kaɗan kuma za su ci gaba da zama a ƙarƙashinsa.

An hana su abinci kwana uku kafin awo. Artemia na da nasa jan launi na dangin karotin, idan yana cikin tumbi zai shiga lissafi.

Kowane fure ana ɗaukar hotonsa da rula a gefe yana buɗe, a auna faɗin fuskar bakinsa. Sannan a haɗa uku daga kwalba ɗaya, a niƙe su cikin mililita 3 na ruwan teku a bututun gilashi, a ja a tura ta allurar sirinji sau goma sha biyar har majinar ta warware. Idan an yi gaggawa a nan, ƙwayoyin suna dunƙulewa cikin majina, ƙirga ta zama banza. A ware mililita 0.2 don ƙirga. Sauran a juya shi a na'urar juyi minti biyar, gansakukar ta kwanta a ƙasa kamar ɗigon kunun kanwa mai duhu, a zubar da na sama, a wanke sau biyu.

Faifan Malassez muke ƙirga da shi, irin na ƙirgar ƙwayoyin jini da ke ɗakunan gwajin asibitocinmu. Gidaje 100 gare shi, duka sun ɗauki maikurolita ɗaya. A ƙirga gida goma, a ninka da 10,000, an samu adadin da ke cikin mililita. Ana cika faifan sau huɗu ga kowane samfur a ɗauki matsakaici. A ƙarƙashin madubi ƙwayoyin zagayayyu ne, ruwan zuma mai duhu, wasu a tsakiyar rabuwa gida biyu. Tsakaninsu akwai dogayen abubuwa marasa launi kamar tsinken allura, waɗannan makaman harbin furen ne, ba a ƙirga su.

Launi kuwa, a tsane ruwan da ke kan abin da ya kwanta sarai, a zuba asiton tsantsa mililita 3 mai sanyi, a naɗe bututun da takardar aluminiyam, ya kwana awa 24 a firji. A sake juyawa, a karanta a sifekturofotomita, na'urar da ke auna yawan hasken da ruwan ya shanye, a tsawon zangon haske na nanomita 630 da 663 da 750. Karatun 750 na gurɓatar ruwan ne, ana cire shi daga sauran biyun. Lissafin da Jeffrey da Humphrey suka fitar a 1975 muke bi, na asiton tsantsa: kulorofil a shi ne 11.43 sau karatun 663, a cire 0.64 sau karatun 630. Kulorofil c2 shi ne 27.09 sau karatun 630, a cire 3.63 sau karatun 663. Amsar maikurogiram ce a mililita. Wanda ya yi aiki da asiton mai kashi 90 cikin ɗari, lambobinsa daban ne, kada ya ɗauki waɗannan. Ƙoƙon karatu ya zama na gilashi. Na roba ya yi fari ya fara narkewa cikin daƙiƙoƙi, mun yi asarar samfur ɗaya a haka.

Faifan silika na yau shi ne abin kallo. Babu kulorofil b ko alama. A sama beta-karotin siriri, sai kulorofil a, sai rawaya ta diyadinozantin, sai wani layi mai kauri launin jan bulo, sannan wani kore mai haske da ya ƙi motsawa daga inda aka ɗiga, shi ne kulorofil c2. Jan bulon nan feridinin ne, kuma shi ya sa murjani yake ƙasa-ƙasa maimakon kore. A gansakukan da ake kira dinofilajelet kaɗai ake samunsa, babban rukunin da dangin Symbiodiniaceae yake ciki. Ruwan teku yana shanye jan haske tun a mitocin farko, shuɗi da kore-shuɗi ne ke nitsawa. Feridinin yana kama hasken da ke tsakanin nanomita 470 da 550, inda kulorofil ba shi da ƙarfi, ya miƙa masa. A cikin furotin ɗin da ke riƙe su, feridinin takwas ne ke kewaye da kulorofil a biyu. Muka haska bututun asiton da shuɗiyar tocila a ɗaki mai duhu, koren ruwan ya yi ja kamar garwashi.

13 ga Janairu

An fara ɗaga zafin C da D, digiri ɗaya kowace safiya. An cire gidan sauro daga B da D ninki ɗaya a rana, don kada hasken ya faɗo musu gaba ɗaya.

Digiri 33 na kwalba gaggawa ce, a teku abin ba ya bukatar haka. Digiri ɗaya kacal a kan matsakaicin watan da ya fi zafi a wurin, idan ya daɗe, ya isa. Hukumar NOAA ta Amurka, mai kula da teku da yanayi, tana tara wannan rarar zafi na makonni 12: rarar digiri biyu na mako biyu ya ba da maki 4, inda ake sa ran koɗewa, a maki 8 kuma ana sa ran mutuwa mai yawa. Koɗewar duniya ta farko ta faru a 1998. Da wannan ma'auni aka bi ta 2010, da ta 2014 zuwa 2017, da ta huɗu da aka sanar ranar 15 ga Afrilu, 2024, wadda ta taɓa Kenya da Tanzaniya da Bahar Maliya, tekun da alhazanmu ke hange idan jirgi zai sauka Jidda.

22 ga Janairu

Kwana uku a digiri 33. A ƙasan kwalaben C da D akwai ƙananan dunƙule masu duhu kamar kashin ɓera ƙanana, wasu kuma muna kallo suka fito ta bakin furen a naɗe cikin majina. Mun tsotso ɗaya da bututu muka murje a kan gilashi. Gansakuka ce zalla. Da yawa daga cikinsu zagayayyu, launinsu cikakke, ba abin da ya nuna sun mutu. Wasu sun yamutse, cikinsu ya dunƙule gefe guda, launin ya koma ruwan lemo. Ke nan mai masauki yana korar masu lafiya tare da marasa lafiya.

Abin da ke faruwa a ciki ya fara ne daga inda haske ke shiga. Launukan nan aikinsu kama haske, kuma zafi ba ya hana su kamawa. Abin da zafi ke lalatawa shi ne injin da ke karɓar ƙarfin. A tsakiyar sashen da ke fasa ruwa akwai furotin mai suna D1, wanda haske ke ƙonawa kullum, ƙwayar kuma tana sauya shi kullum, kamar mai facin taya da ba ya hutawa. Idan zafi ya wuce kima, facin ba ya cim ma ɓarnar. Haske na ta shigowa, babu inda zai bi, sai ƙarfin ya faɗa kan oksijin ya mayar da shi nau'o'i masu ƙuna, har da haidurojin feroksayid, ruwan nan mai kumfa da ake wanke ciwo da shi. Wannan yana ratsa bango ya shiga naman dabbar. Bayanin da ya fi karɓuwa a wurin masana shi ne daga nan dabbar ke fara kora, ko ta narkar da baƙon a cikin ƙwayarta, ko ta saki ƙwayar gaba ɗaya da abin da ke cikinta.

Gansakukar tana da nata birki. Idan haske ya yi yawa, cikin mintoci take juya diyadinozantin ya koma diyatozantin, wanda ke karɓar rarar ƙarfin ya sake shi a matsayin ɗumi. Da duhu ya yi sai ya koma yadda yake. Faifan silika ba ya raba waɗannan rawayoyi biyu sosai, sai na'urar HPLC mai raba sinadarai dalla-dalla. Amma saboda saurin juyin, mun tsayar da ƙa'ida: duk samfur da ƙarfe goma sha ɗaya na safe ake ɗauka, fitila a kunne, kuma kada ya zauna a kan tebur.

29 ga Janairu

Kwana goma a 33, an yi awo na biyu. Muna kuma bin katin launi na CoralWatch, wanda Jami'ar Queensland ta Ostareliya ta fitar a 2002, mai matakin duhu daga 1 zuwa 6. Da ido da kati, B da C kusan ɗaya suke, dukansu sun yi haske idan an jera su da A. Wani ɗalibi ya duba ya ce, "Malam, ai waɗannan biyun ciwo ɗaya ke damunsu." Faifan ƙirga ya nuna ba haka ba ne.

A rukunin B ƙwayoyin suna nan da yawansu, kusa da na A. Abin da ya ragu shi ne kulorofil a cikin kowace ƙwaya, kuma a faifan silika layin feridinin ya sirance tare da shi, rawayar kuwa ba ta ragu kamar su ba. Wannan gyaran zama ne. Haske ya wadata, ƙwayar ta rage tarunta na kama shi, ta riƙe abin kariya. A rukunin C gidajen faifan ne suka yi wayam, amma ƙwayoyin da suka rage launinsu bai faɗi sosai ba. D ya haɗa biyun, ƙwayoyi kaɗan kuma kowacce a koɗe, hannuwan furen har ana ganin gilashi ta cikinsu. A D ne kaɗai layin toka na fiyofaitin ya fito sosai.

Wannan ya yi daidai da abin da Hoegh-Guldberg da Smith suka bayar a 1989 kan murjani iri biyu na Ostareliya: zafi ya fi rage adadin ƙwayoyi, haske mai ƙarfi ya fi rage launin kowace ƙwaya. Kwalba uku-uku ba su isa a kafa hujja ba, amma sun isa su nuna dalilin da ya sa awon kulorofil shi kaɗai yake yaudara. Wanda ya auna launi bai ƙirga ba, zai rubuta B da C a layi ɗaya, alhali ɗaya yana daidaita kansa ne, ɗayan kuma ya rasa masu ciyar da shi.

Abu ɗaya game da kati. Fure idan ya tsuke yana ƙara duhu, domin ƙwayoyin sun taru wuri guda. Sai yana buɗe ake karanta shi, a hasken taga ɗaya, a kan farar takarda ɗaya.

3 ga Fabrairu

An soke sakamakon kwalba ɗaya ta B da ɗaya ta A.

Ta B, kulorofil c ya fito da yawa fiye da hankali. Da muka duba, bangon kwalbar ya yi wani danƙo ruwan ƙasa, kuma an kankaro shi tare da furen. Diyatom ne, wata gansakuka da ke son haske, tana da nata kulorofil c da wani launi mai suna fukozantin da ke tsayawa kusa da feridinin a faifai, ya sa layin ya yi kauri na ƙarya. Daga yanzu ana goge bango da auduga duk ranar canjin ruwa, kuma ana ɗauraye ƙafar furen kafin niƙa.

Ta A kuwa ruwan asiton ya fito launin zaitun maimakon kore, ga layin toka a rukunin da ba a taɓa da zafi ba. An bi sawu, bututun an taɓa wanke shi da asid ba a ɗauraye sosai ba. Ɗigon asid kaɗan ya isa ya fizge maganiziyam daga kulorofil. Da ba a gano ba, da mun ɗora wa zafi laifin da ba nasa ba. Bututun launi yanzu an ware su daban, ana ɗauraye su da tataccen ruwa sau uku sannan da asiton.

Ruwan da aka canja da ragowar furanni ana zuba musu jabel, wato ruwan kulorin mai kashe ƙwayoyin cuta, su kwana kafin a zubar. Ba abin da zai bi kwata ya nufi Binuwai da rai.

16 ga Fabrairu

Tun 30 ga Janairu aka fara sauke zafi digiri ɗaya a rana, aka mayar da gidan sauro. B ya riga kowa dawowa, cikin kwanaki launinsa ya cike, domin ƙwayoyin suna nan, launi kawai suka ƙara. C a hankali yake tafiya. Da shuɗiyar tocila da rawayar leda a gaban ido, ana ganin jajayen ɗigo-ɗigo a hannuwan, kuma daga mako zuwa mako suna yaɗuwa su haɗe. Waɗanda suka tsira ne ke rabuwa suna cike gidan. A D wasu furanni sun ƙanƙance, biyu sun saki gilashi sun narke, sauran farare ne amma suna kama Artemia idan an ba su. Fari bai zama gawa ba. Mun ƙara musu ciyarwa zuwa sau uku a mako, tun da yanzu da bakinsu kaɗai suke rayuwa.

Akwai abin da Aiptasia ba zai nuna mana ba, domin ba shi da ƙashi. A murjani na gaske, idan gansakuka ta ragu, haske yana ratsa naman ya bugi farin ƙashin ya dawo, ya yi ta kai-komo, sai 'yan ƙwayoyin da suka rage su sha hasken da ya fi na da. Koɗewa tana ƙara wa kanta wuta ke nan. Wasu murjanai suna mayar da martani da nasu launi, furotin masu ƙyalli shuɗi da rawaya da ruwan hoda, waɗanda na dabbar ne ba na gansakuka ba. Masu bincike a Jami'ar Southampton ta Ingila sun nuna a 2020 cewa ƙarin hasken cikin naman ne ke tayar da su, kuma suna zama inuwa ga ƙwayoyin da ke dawowa. Don mu kusanci wannan, zagaye na biyu zai samu kwalabe masu farin tayil a ƙasa da masu baƙi, zafi ɗaya, haske ɗaya. An yanka tayil ɗin, suna jiƙe a ruwan gishiri tun jiya, za a canja ruwan sau uku kafin su shiga.

Abin da ke gabanmu shi ne bazara. Daga Maris zafin Garwa yana haura digiri 40 da rana, kuma a lokacin wahalar ba ɗumama C da D ba ce, riƙe A a 26 ce. An gwada sa kwalba cikin randa mai ruwa, an lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu a inda iska ke bi. Tana sauke zafin sosai saboda bushewar iska, amma tana hawa da sauka tsakanin rana da dare fiye da digiri ɗaya da muka yarda da shi. Gobe za a gwada kula da gorar ƙanƙara biyu ana musanya su safe da la'asar, hita tana ciki a kan 26 don ta tare idan sanyin ya zarce, ana rubuta ma'auni duk awa biyu har kwana uku. Idan bai tsaya tsakanin 25.5 da 26.5 ba, zagaye na biyu zai jira damina, furannin kuma a ci gaba da kiwonsu a randa. Ƙananan da suka tsiro daga gutsuren ƙafar manya a kwalaben A sun kai a raba musu kwalba, za a yi haka ranar canjin ruwa mai zuwa.